Ƙasa Ba Ta Gama Ba

Akwatin ƙarfe guda, fanko, an zana sunan mahaifiyarta a murfin. Farin ƙyalle yadi biyu. Baƙar riga ɗaya. Garin kofi fakiti uku. Man shafawa na hannu. Ƙwayoyin ciwon gwiwa. Takardar lauya mai shafi huɗu. Tikitin komawa ranar Litinin.

Kayan da Erniya ta ɗauko daga Jamus ke nan. Akwatin yana kan cinyarta tun da jirgin ruwa ya bar tsibirin Rodos, awa biyar ke nan teku yana ɗaga su yana ajiyewa. A kujerun gabanta 'yan yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton ruwa. Wata daga cikinsu ta juyo ta tambaye ta da Jamusanci ko ta san inda ake cin kifi mai daɗi a Armeno, ƙauyen da jirgin ya nufa. Erniya ta ce ba ta sani ba, ita ma ziyara ta zo. Ba ƙarya ta yi ba. Tana da shekara goma sha biyu aka sa ta a jirgi zuwa makarantar kwana a Atina, daga can ta wuce Stuttgart a Jamus, ta yi aikin jinya shekara talatin da bakwai. Yanzu tana da sittin da uku. In aka tara duk kwanakin da ta yi a ƙauyen tun daga lokacin, ba za su cika shekara biyu ba.

Wannan zuwan na kwana uku ne. Mama ta cika shekara uku a kabari, gobe za a tono ta. Maƙabartar Armeno a kan dutse take, kabari goma sha tara kawai take ci, don haka ba mai daɗewa a cikinta. Shekara uku, a fito da ƙasusuwa, a wanke da ruwan inabi, a zuba a akwati, a jera a ɗakin ƙashi da ke bayan coci, a bar wa na baya gurbi.

Ƙanwarta Sebasti tana tsaye a bakin mashigin jirgi, baƙaƙen kayan makoki tun daga ɗankwali har safa.

"Bajamushiya ta sauka," in ji ta. "Kin yi ƙiba, Yaya."

"Ke kuma kin bushe kamar kifin da aka manta a rana."

"Iskar garin ce. Kawo nan." Ta karɓi akwatin, ta juya shi, ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa. "Har da zane. Mama za ta yi wa maƙwabtanta yanga."

Suka bi bakin ruwa, suka wuce gidajen abinci uku da teburansu a waje, suka shiga lungu suka fara hawa. Gwiwar Erniya ta hagu ta fara magana tun a mataki na goma. A ƙofar gida na kusa da nasu Goggo Zografiya tana zaune tana ɓare wake a cinya. Ta haura tamanin, idonta ɗaya ne yake gani, amma da shi ta ishi gari.

"Wace ce wannan take haki kamar jakin haya? Au, mai gida ce ta zo duba gidanta."

"Sannu, Goggo. Kina nan?"

"Ina zan je? Jira nake uwarku ta tashi ta ba ni wuri."

Mai gida. Haka ne kuwa. A tsibirin nan 'yar fari ita ake sa wa sunan kakarta ta wajen uwa, ita ke cin gidan uwa da gonar zaitun da duk wani faranti da ke jere a bango. Sauran 'yan mata sai abin da Allah ya ba su. Erniya aka kai makaranta, Erniya ke da gida. Sebasti ta zauna a ƙauye. Ta yi kiwon awaki, ta yi jinyar Baba shekara shida, ta yi ta Mama shekara goma sha ɗaya, ba ta yi aure ba. Daga Jamus kuwa duk wata kwalin magani yana zuwa, ba fashi. Erniya tana alfahari da wannan rashin fashin.

Sebasti ta zubo taliyar hannu da soyayyar albasa da cuku. Suka ci. Da aka kwashe kwano Erniya ta ciro takardar lauya ta shimfiɗa a kan tebur. Ta daɗe tana shirya yadda za ta faɗi maganar, tun a jirgin sama.

"Gidan nan na bar miki. Da gonar. Hannu kawai za ki sa a nan, da nan."

Sebasti ta goge hannu a jikin riga, ta leƙa takardar ba tare da ta taɓa ba.

"Kyauta?"

"Haƙƙinki ne. Ke kika sha wahalarsa."

"Allah ya saka. Ba na so."

"Ba kya so kamar yaya?"

"Kamar yadda ba kya so. Ke kaɗai ce da izinin ƙin sa?"

Ta tashi ta tura ƙofar ɗakin kwana. A bayan ƙofar an rataye riga koriya, sabuwa, cikin leda. A ƙasa jakar tafiya, an ɗaure ta da igiya.

"Na sami aiki a Rodos. Guga, a wani otal. 'Yar Minas mai haƙa kabari ce ta yi mini hanya. Akwai ɗaki a sama, taga tana kallon titi. Titi, Yaya, mai mutane har da hunturu. Sun ce za su riƙe mini wurin zuwa ɗaya ga wata, daga nan sai su ba wata. Gobe in mun wanke Mama na cire baƙaƙen kayan nan. Jibi muna jirgi ɗaya da ke."

"A shekara hamsin da takwas za ki fara guga?"

"Da can me nake yi? Rawa? Bambancin kawai in na gama zan rufe ƙofa, ba mai kirana."

"Gidan fa?"

"Naki ne. Ki sayar wa masu ɗaukar hoto, ko ki bar wa ɓeraye."

Erniya ta ninke takardar. Ta zo da kyauta tun daga wata ƙasa, an mayar mata a kan tebur kamar kifin jiya. Ta nemi haushi a ranta ba ta samu ba, gajiya kawai ta tarar.

Da rana ta yi sanyi Sebasti ta ɗauki kwalbar man zaitun da ashana, suka hau maƙabarta. Mataki ɗari da sittin da biyu ne, Sebasti ta faɗa mata tun a ƙasa don ta shirya. Erniya ta huta sau huɗu. A kan kabarin akwai ɗan akwatin gilashi da hoton Mama, da fitilar kabari, wato kofi da ruwa a ƙasa mai a sama, lagwani yana yawo a kan guntun murfin kwalba. Sebasti ta zubar da tsohon man, ta wanke kofin, ta sake, ta kunna, ta kare iska da tafin hannu. Ko kallon abin da take yi ba ta yi. Kullum da yamma haka, shekara uku, ruwa ko iska.

"Na ƙarshe ke nan, Mama," ta ce da hoton. "Gobe ki tashi ki shirya, kin yi baƙuwa."

Washegari da sassafe mutum goma sha biyu suka taru. Fada Kosma, limamin cocinsu, ya zo da kaskon turare. Minas mai haƙa kabari ya riga ya ɗaga dutsen da ke sama. Mata suka jera kwanon wanki, da tulun ruwan inabi, da farin ƙyallen Jamus. A gefe ga babban faranti na dafaffiyar alkama da sukari da 'ya'yan rumman, wadda za a raba in an gama. Goggo Zografiya ma an hauro da ita a kan jaki, an ba ta kujera a gaba.

Minas yana haƙa yana surutu, al'adarsa ce.

"Yi haƙuri, Uwa, mun tashe ki da wuri. Haya ce ta ƙare. Ga Zografiya can ta ƙagu."

"Ubanka ne ya ƙagu," in ji Goggo.

Da ya kai ruɓaɓɓen katako sai ya ajiye shebur, ya durƙusa ya ci gaba da hannu. Ƙa'ida ita ce ya fara ɗago ƙoƙon kai, ya miƙa wa 'yar fari ta naɗe a farin ƙyalle, ta sumbata, ta miƙa wa na kusa da ita. Erniya ta matso da ƙyallen a hannu biyu.

Surutun Minas ya tsaya. Ya share ƙasa kaɗan, ya sake sharewa. Ya ɗago kai ya dubi Fada Kosma, bai dubi 'ya'yan ba.

Erniya ta leƙa. Ta ga gawa a rayuwarta ba adadi, ba ta kau da kai ba. Mama tana nan. Ta yi baƙi, ta ƙanƙance, amma fata tana manne a kafaɗa da ƙirji, hannuwa a harɗe yadda aka sa su, yatsu ba su rabu ba.

"Ƙasa ba ta gama ba," in ji Minas a hankali.

Mata suka shiga yin alamar gicciye. Wata ta ce, "Maryamu Budurwa, ki rufa mana asiri." Fada Kosma ya buɗe wani shafi dabam, ya karanta addu'ar neman gafara, ya tsiyaya ruwan inabi a kan gawar.

"A mayar," ya ce. "Sai bayan shekara biyu."

A da in haka ta faru cewa ake akwai zunubin da ba a yafe ba, ko bakin wani ya kama mamaci. Duk wanda ke wurin ya san wannan, shi ya sa kowa ya sunkuyar da kai. Goggo Zografiya ce ta buga sanda a ƙasa.

"Kada wadda ta sake in ji ta ce zunubi. Tare muka girma, ko kazar mutum ba ta taɓa kora ba. Magani ne. Shekara goma sha ɗaya ana ɗura mata ƙwaya, ta safe dabam, ta rana dabam, ja da fari da shuɗi. Naman da aka jiƙa da wannan wace tsutsa ce za ta ci? Haka aka yi da mijin maƙwabciyata Kaliyo. Maganin Jamus ba ya sakin mutum ko ya mutu."

Don ta wanke mamaciyar ta faɗa. Amma duk ido sai ya juyo kan Erniya, wadda ke tsaye da farin ƙyalle ba abin naɗewa. Tana iya cewa ƙasar wurin ce busasshiya, dutse ya yi yawa, ruwa bai sauka sosai ba shekarun nan. Ta san haka. Ta kuma san ba ta da tabbacin cewa tsohuwar ba ta da gaskiya. Ta ninke ƙyallen.

Sebasti ba ta yi kuka ba. Ta tsaya har Minas ya mayar da ƙasa ya daidaita dutse. Ta ɗauki farantin alkama ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana zuba musu a hannu, suna cewa Allah ya gafarta mata. Sannan ta mayar da akwatin gilashi mazauninsa, ta goge hoton da gefen ɗankwali.

Akwatin ƙarfen Erniya ce ta sauko da shi, fanko yadda ya hau.

A gida Sebasti ta wuce ɗaki kai tsaye. Erniya ta ji ana kwance igiya. Ta bi ta, ta tarar tana fito da kaya daga jaka tana mayarwa cikin kabad, ɗaya bayan ɗaya, a tsanake.

"Me kike yi?"

"Abin da kike gani."

"Tsaya mu yi magana. Ai ba dole sai ke ba. A sami wata ta riƙa kunna fitilar."

"Wa? Da hunturu mutum goma sha ɗaya ne a garin nan, ni ce yarinyarsu. Zografiya za ta hau da jaki kullum?"

"Matar Minas fa?"

"Kabarin da ƙasa ta ƙi, ki ba bare? Gobe a ce 'ya'yanta ma sun san abin da ta yi, shi ya sa suka gudu. Yau Goggo ta toshe musu baki. Fitilar nan ta mutu kwana uku, ki ga ko bakin zai toshu."

"A can akwai fitila mai batir. Kamar ta gaske, har rawa harshenta yake yi. Wata shida ba a taɓa ta ba."

Sebasti ta dube ta, sai ta fashe da dariya, ta zauna a bakin gado tana yi har da share ido.

"Mai batir! Kai, Yaya, karatu bai yi miki rana ba. Ki aiko mata magani a kwali, ki aiko mata wuta a kwali. Saura ki aiko da 'ya a kwali, ita ma mai batir."

"Abin da zan iya na yi."

"Na sani. Ban ce ba ki yi ba. Kwalinki bai taɓa latti ba." Ta miƙe ta sauke koriyar rigar daga bayan ƙofa, ta ninke ta da ledarta, ta sa a can ƙasan kabad. "Shekara biyu ce. Zan cika sittin. Wa zai ɗauki 'yar sittin guga? Shi ke nan, an huta da tunani."

Ta fita tsakar gida ta hau wanke kwanukan da aka kai maƙabarta, waɗanda ba abin da ya taɓa su.

Erniya ta sauka bakin ruwa. Lahadi ce, tebura sun cika. Matar nan ta cikin jirgi ta ɗago mata hannu, ta nuna farantin kifi tana murmushi, ta ce wurin nan aljanna ce. Erniya ta ce haka ake faɗa. Ta sami benci a ƙarshen mashigi ta zauna, ta miƙe ƙafar hagu.

Ba ta son garin nan, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kanta ba. Ba ta son iskar da ke kwana arba'in tana kuka a tagogi, da ruwan famfo mai gishiri, da yadda kowa ya san abin da ke tukunyar kowa. A Stuttgart tana da ɗaki biyu a hawa na huɗu, da na'urar hawa, da na'urar ɗumama ɗaki a bango. Tana da ƙawaye uku da suke ninƙaya ranar Laraba. Likita ya ba ta ranar aikin gwiwa a watan Nuwamba, ta yi wata tara tana jira. Ɗanta yana Hamburg, yana bugo waya duk Lahadi, minti biyar. Ta duba ko akwai wanda zai rasa wani abu a can in ba ta koma ba. Ta sake dubawa. Ita kaɗai ce.

Wayar ta yi ƙara kuwa, daidai lokacinta.

"Mama, an gama lafiya?"

"An buɗe, an rufe."

"To madalla. Gobe za ki taso?"

"Zan kira ka."

Da yamma Sebasti ta ɗauki kwalbar mai. Erniya ta ce za ta raka ta. Wannan karon sau biyar ta huta. A kan kabarin ta ce, "Ba ni in gwada." Ta zuba mai ya yi yawa, lagwani ya nutse. Sebasti ta tsamo shi da yatsa.

"Ruwa yatsa biyu, mai yatsa ɗaya. Ki matse kan lagwanin tukuna. Ba haka ba. Ke da kika yi kusan shekara arba'in kina yi wa Jamusawa allura?"

Ashana ta huɗu ce ta kama.

Jirgin Litinin yana isowa ƙarfe bakwai na safe, ba ya jira. Tun shida Sebasti ta fita tatsar akuyar Goggo Zografiya, aikin da ta ɗora wa kanta shekaru. Erniya ta tashi. Ta buɗe kabad, ta fito da kayan da aka mayar jiya, ta zuba su a jaka ba tsari, ta sa man shafawar hannu da kofi fakiti ɗaya, ta ɗaure da igiya. Koriyar rigar ta ɗora a sama. Ta ja jakar har waje ta ajiye a kan dakali. Ta ɗauki makullin gida daga ƙusa ta sa a aljihu. Akwatin ƙarfe ta tura ƙarƙashin gado. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, cikin baƙar rigarta guda ɗaya.

Sebasti ta ɓullo daga lungu da kwanon madara. Ta ga jakar, ta ga rigar, ta ga yayarta ta cika ƙofa.

"Wannan fa?"

"Kayanki. Tikitinki yana aljihun gefe."

"Matsa in wuce, madara za ta zube."

"Miƙo ta nan." Erniya ta karɓi kwanon ta ajiye a ciki, ba ta matsa ba.

"Yaya, ba na son wasa da safen nan."

"Kin ce gidana ne. To ba na son 'yar haya."

"Ke? Ke da ba ki iya kunna ashana ba? Gwiwarki fa? Mataki ɗari da sittin da biyu ne, kullum. Ba ki san hunturun nan ba. Sati biyu za ki yi ki gudu, a bar ni da kunya biyu."

"In na gudu ki dawo ki zage ni."

"Baƙin kayan fa? Ba a wanke ta ba, ba zan cire ba."

"Ki tafi da shi. Ki cire a jirgi, ko kada ki cire, ruwanki. Ga wani a jikina, ya ishe ta."

Daga ƙasa jirgi ya yi kuka, dogo, ya shigo bakin mashigi. Goggo Zografiya ta leƙo ta taga da idonta guda.

"Wai wace ce mai tafiyar a cikinku? Jirgi ba ɗan'uwanku ba ne."

Sebasti ta dubi jakar. Ta dubi hanyar maƙabarta. Ta sunkuya ta kama igiyar, amma ba ta ɗaga ba.

"Akuyar Goggo tana harbi da ƙafar dama," ta ce. "Kuma mai na fitila dabam yake, yana cikin tulun da ke bayan…"

"Zan gani."

Erniya ta ja da baya ta rufe ƙofar, ta sa sakata. Ta jingina da katakon don ta sauke wa gwiwa nauyi. Tana jin numfashin ƙanwarta a waje.

"Sebasti," ta ce ta cikin ƙofar. "Ni zan kunna ta. Shekara biyu. Ki tafi."